Barikin Nasara a kan tabarma

  

Ni malamin karatun manya ne. Yau zan ba ku labarin wani gini da munka yi, ni da ɗalibaina. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, faɗinsa kuwa bai cika tabarma ba. Amma ya sa mu lissafi, ya sa mu gardama, ya kuma mai da mu gida wajen tsofaffinmu da tambaya. Ku karanta a hankali, don a ƙarshe akwai aikin da zan roƙe ku.

Tubalin roba

Wataƙila wasunku sun taɓa ganin wani abin wasan yara a kasuwar Maraɗi, wajen masu kayan gwanjo. Ƙananan tubala ne na roba, ja da shuɗi da rawaya da fari. Kowane tubali yana da ƴan kawuna a samansa, da rami a ƙarƙashinsa. In ka ɗora ɗaya bisa ɗaya ka danna, sai su kama juna, ba laka, ba siminti. In ka so ka ɓalle su, ka sake wani gini.

Sunan da anka fi saninsu da shi Lego. Wani kafinta ne ya kafa kamfanin a ƙasar Danmak, cikin Turai, a shekarar 1932. Da kayan wasa na itace ya fara. Irin tubalin da ake yi yau ya fito a 1958. Yanzu wasu kamfanoni da yawa suna yin kwaikwayonsa, kuma nawa gauraye ne, da na asali da na kwaikwayo. Na saye su kaɗan kaɗan, har sunka cika tiya uku.

Don lissafi na saye su. A makarantar horon malamai an koya mana cewa abin da hannu ya taɓa ya fi zama a kai. Da su muke koyon tarawa da ɗebewa. Ranar farko wani dattijo ya ce mini: “Malam, da furfurata za ka sa ni wasan yara?” Na ce masa: “Baba, ai da tsakuwa kake yin dara, ba wanda ya ce maka yaro.” Ya yi dariya ya karɓa.

Da munka zo kan labarin zuwan Nasara ƙasarmu, na rubuta shekaru a allo, munka karanta su tare. Kwana biyu sai an manta. Sai na ce, to, gani ya kori ji. Bari mu gina barikin Nasara, mu gan shi da idonmu.

Wane bariki?

Barikin Damagaram munka zaɓa, kuma ga dalili.

A watan Afrilu na 1898 wani hafsan sojan Faransa mai suna Kazamaju ya sauka Damagaram. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga bai yarda da shi ba, ya sa anka kashe shi. Shekara ta kewayo, a 1899, wata runduna ta taso daga yamma ƙarƙashin hafsoshi biyu, Bule da Shanuwan. Sun ƙone garuruwa a hanya. Sun yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu. A watan Mayu sunka afka wa Birnin Ƙonni, sunka kashe mutane masu yawa. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, anka turo wani babban hafsa mai suna Kulob ya tsai da su. Bule ya sa anka harbe shi a Dankori ranar 14 ga watan Yuli. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu da kansu sunka kashe Shanuwan da Bule. Wannan ya faru wajen Maijirgi, a ƙasar Tasawa, cikin jiharmu ta Maraɗi.

Sauran rundunar ta ci gaba gabas. A ƙarshen watan Yuli anka gwabza a Tirmini, Damagaram ta faɗi. Ba a daɗe ba anka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Nasara sunka kafa bariki a wajen birni, sunka sa masa sunan Kazamaju. Daga baya Damagaram ta zama babban birnin mulkin Nasara a ƙasar nan, tun daga 1911 har 1926, lokacin da anka mai da shi Yamai.

Na samo tsohon hoton barikin, na sa anka buga mini shi a takarda. Daga hoton munka ɗauki siffar waje. Na ciki kuwa da tambaya munka tsara shi. Na ce wa ɗalibai: ku ɗauka ku baƙi ne, ku kaɗan ne, kuna da bindiga, kuma kun san masu gari ba su son ku. Me za ku fara ginawa?

Yadda munka gina

Wani ya ce a fara da bango. Wani tsohon maharbi ya ce a'a, a fara da wuri. Wanda yake tsoro ba ya zama a kwari. Sai munka kife babban akushi bisa tabarma, munka jera duwatsu kewaye da shi, ya zama tudu. A gefe munka zuba ƙwallon goruba da yawa, su ne gidajen gari. Duk wanda ya duƙa ya sa idonsa daidai da tudun, ya ga gari duka a tafin hannunsa: wanda ya fita gona, wanda ya shiga kasuwa, inda mutane sunka taru.

Sa'an nan bango. A nan magininmu ya karɓi aiki, don akwai magini cikin ɗalibaina. Ya nuna mana cewa ba a ɗora tubali daidai kan ɗan'uwansa. Ana saɓa su ne, na sama ya hau tsakanin biyu na ƙasa. Wanda ya jera su tsaye, yana taɓa bangon sai ya rabe. Tubalin roba da na ƙasa dokarsu ɗaya. Munka bar ƙananan kafofi jikin bango, inda bakin bindiga zai fita. Munka ɗaga kusurwa ɗaya ta zama hasumiyar mai gadi. Munka kafa tsinke da ɗan ƙyalle, ya zama tuta.

Da munka zo ƙofa, na tambaya: ƙofa nawa? Kowa ya ce ɗaya. Na ce don me? Wata mata ta ce: “Mai ƙofa da yawa yana jiran baƙi ne. Wannan ba ya jiran kowa.”

Ciki munka yi ɗakin kumandan, da ɗakin ajiye bindigogi da harsashi, da jerin ɗakunan sojoji. Munka yi rumbu, munka yi wurin ruwa. Maharbin nan ya ce ruwa da hatsi su ne ran bariki, don in an kewaye ka ba za ka fita ba. Gaskiyarsa. Na ba su labarin Agadas. A watan Disamba na 1916 Kawusan da mayaƙansa sunka kewaye barikin Nasara na can. Sojojin ciki ba su samu fita ba sai a watan Maris na 1917, da wata runduna ta taso daga Damagaram ta cece su.

Ɗaki na ƙarshe da munka gina ƙarami ne, ba taga. Ban faɗi sunansa ba, amma kowa ya ce: gidan kaso. A zamanin nan akwai dokar da ta ba kumandan ikon tsare baƙar fata ba tare da shari'a ba. Akwai lokacin da ikon ya kai kwana 15. Rashin biyan lanho, ko ƙin fita aiki, ko abin da kumandan ya kira rashin ladabi, duk suna kai mutum ɗakin nan. Sai a 1946 anka soke dokar.

Ganuwa da bariki

Da ginin ya tsaya, wani ya ce: “Malam, ai mu ma muna da irin wannan tun kafin Nasara. Ga ganuwa.” Da yawa cikinku kun bi ta Ɗan Isa da Jibiya kun shiga Katsina. Kun ji sunayen ƙofofinta: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa da sauransu. Damagaram ma tana da ganuwarta, wadda Sarki Tanimun ya ƙarfafa, har ya sa anka ƙera masa igwa.

Na ce to, mu gwada mu gani. Munka ɗauki igiya munka kewaye ƙwallon gorubar nan duka, ta zama ganuwa. Sai bambanci ya fito fili. Ganuwa ta haɗa gidaje da kasuwa da masallaci da rijiyoyi, har da filin noma, don in yaƙi ya zo mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu. Bariki kuwa ya bar gari a waje, kafofin bindigarsa suna duban garin.

Amma dattijon nan na dara bai bar mu haka ba. Ya ce: “Kada ku wanke sarakai tas. Ganuwa ma talaka ya ɗauki ƙasarta, da bawa. Kuma kafin Nasara, Maraɗi da Katsina da Gobir da Zamfara ba hari ake kai wa juna ba? Ba mutane ake kamawa ba?” Ya ƙara da cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Ban musa masa ba, don abin da ya faɗa haka yake. Munka rubuta maganarsa a allo, ta zama darasin karatu na ranar.

Lissafin tubali

Yanzu ga lissafi, ku ma ku ɗauki alƙalami ku bi mu. Wannan awon namu ne, na barikin da munka gina bisa tabarma.

Mun ce kowane gefe na bango mita 50 ne. Gefe huɗu ke nan, mita 200. Tsawonsa sama mita 3. In ka ninka 200 sau 3, ka samu 600. Magini ya ce da irin tubalin ƙasa da yake bugawa yau, bango mai kauri sosai zai ci tubali 80 a kowace mita ɗaya ta tsawo da ɗaya ta faɗi. To, 600 sau 80 nawa ne? Tubali 48,000.

Ya ce shi da yaronsa suna buga 200 a yini in ruwa yana kusa. Raba 48,000 gida 200, ka samu yini 240. Wata takwas ke nan na mutum biyu, ba hutun Juma'a, ba ranar kasuwa. Kuma bango kaɗai munka lissafa. Ba mu sa ɗakuna ba, ba mu sa azara da itacen rufi ba, ba mu sa hawa tudu da kaya a kai ba.

Da munka kai nan, aji ya yi tsit. Kowa ya gane cewa ba kumandan ya kwaɓa ƙasar ba. A ƙasashen da Faransa ta mulka akwai aikin dole. Kowane namiji mai ƙarfi sai ya ba da wasu kwanaki a shekara, ba biya. Da shi anka share hanyoyi, anka gina masaukin kumandan, anka yi dakon kaya daga gari zuwa gari. Ta hannun sarki da mai gari ake ɗibar mutane, gardi yana biye da bulala. Ranar 11 ga watan Afrilu 1946 anka yi dokar da ta hana aikin dole. Hufuwe Buwanyi ne ya kai maganar majalisar Faransa, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Kodibuwa.

Mutanen da babu

Matan aji ne sunka ga abin da ya rage. Wata ta ce: “Malam, kun ƙidaya tubali, kun ƙidaya kwanan maza. Ruwan kwaɓin fa, wa ya ɗauko? Hatsin sojoji wa ya daka?” Cikin tubalan roba ba mu da mutum ko ɗaya. Kashegari sai ga su da ƴan mutane na laka, irin waɗanda yara ke ginawa da damina. Mace da tulu, mace da turmi, namiji da kwando, jaki da mangala. Sunka jera su daga gindin tudu har ƙofar bariki. Mutanen laka sun fi ɗakunan bariki yawa nesa ba kusa ba.

Daga nan gardama ta tashi. Sojojin da ke bisa bango, wane launi za a shafa musu? Wani ya kawo farar ƙasa. Na ce ya dakata. Cikin rundunar 1899 Turawa ba su fi a ƙidaya da yatsu ba. Sauran duk baƙar fata ne da anka ɗebo daga ƙasashen yamma. Daga baya kuma cikinmu anka riƙa ɗaukar soja da gardi da tafinta.

Sai wani ɗalibi ya ce, a hankali, kakansa gardi ne. Wani da ke zaune kusa da shi ya ce nasa kakan ya kwana kaso, kuma a gidansu har yau ana faɗin bulalar da ya sha. Maƙwabta ne, gonakinsu iyaka ɗaya. Kowa ya zuba musu ido. Jikan gardi ya ce: “An ce mini ba da son ransa ya shiga ba, mai gari ne ya ba da sunansa.” Ɗayan ya ce: “Bulalar dai da hannunsa ya riƙe ta.” Dattijon dara ya ce su yi haƙuri, duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun za a rubuta. Haka anka yi. Kowane ya gina kakansa da laka, ya ajiye shi inda ya ga ya dace, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a ɗakin da ba taga. Bayan an tashi tare sunka tafi gida, don hanyarsu ɗaya ce.

Mu da muke bakin iyaka

Kada wani ya ce wannan labarin Damagaram ne, ina ruwan Madarumfa. Ikon da ya zauna cikin irin wannan bango shi ya ja iyakar da ke kudu da mu. A yarjejeniyar da Faransa da Ingila sunka yi a 1898, ƙasar Maraɗi ta faɗa ɓangaren Ingila. Faransa ta ga hanyar da anka bar mata zuwa Damagaram ba ta da isasshen ruwa, ta nemi a sake. A 1904 anka sake, Maraɗi ta koma hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 hafsoshin ƙasashen biyu sunka bi daji suna kafa alamun iyaka. A Turai anka yanke maganar, ba a tambayi kakanninmu ba.

Shi ya sa yau kawunka yana Jibiya kai kana nan, harshe ɗaya, kuɗi biyu. Da yawa daga mutanen wannan ɓangare sun tsallaka can ne don gudun aikin dole da ɗibar soja. In ka bincika gidanku, mai yiwuwa ka tarar da wanda ya gudu haka. Mun samu mulkin kai ranar 3 ga watan Agusta 1960, amma iyakar tana inda anka ajiye ta.

Aikin da nake roƙonku

Ba sai kun sayi tubalin roba ba. Ku samu kwalin ashana, ku cire ƙasansa, ya zama abin bugun tubali. Ku kwaɓa laka mai kyau ta fadama, ku buga, ku shanya a inuwa don kada su tsage. Karan dawa ya isa azara, tsinke ya isa tuta. Ku yanke awonku tun farko, misali tubali ɗaya a madadin mita ɗaya, ku rubuta shi a takarda. Yara za su taya ku da murna.

Ku gina abin da ke kusa da ku. In akwai kangon masaukin kumandan a ƙasarku, ko tsohuwar hanyar da anka share da aikin dole, ko ragowar ganuwa, ku je ku auna da taku, ku dawo ku gina. Kuna gini kuna tambaya: wa ya sa a yi? Wa ya yi da hannunsa? Wa ke ciki, wa ke waje?

Babban aikin kuwa shi ne tambayar tsofaffi. Ku yi wannan lissafi: wanda yake da shekara 15 a 1946, an haife shi a 1931. Yau ya haura 90. Masu irin wannan shekaru sun yi kaɗan a garuruwanmu, kuma kowace shekara suna raguwa. Abin da Nasara ya gani ya rubuta, yana ajiye a takardunsa. Abin da mai ɗaukar kwando ya gani yana bakin tsofaffi kawai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku je da goro, ku gaishe su, ku zauna. Kada ku manta da tsofaffin mata. Ku tambaya: wa anka ɗauka daga gidanmu? Ina anka kai shi? Kwana nawa ya yi? Me ya ci a can? Ya dawo? In tsohon bai gani da idonsa ba, ya faɗa muku wanda ya ba shi labari. Ku rubuta sunan gari, da ranar da kunka yi hirar. Ku rubuta yadda ya faɗa, da daɗi da ba daɗi. Ko layi biyar ne ya isa. Rubutun da bai miƙe ba ma ana karanta shi.

A ajinmu mun tara takarda 14 zuwa yanzu. Muna ajiye su cikin akwatin ƙarfe saboda gara, kuma kowane mako mutum ɗaya yana karanta tasa a gaban jama'a. Ku ma ku kai naku wajen malaminku, a karanta a aji, a kwafe, a ajiye ɗaya a gida don jikoki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya. Ku huta lafiya.

Naku, malamin karatun manya, Madarumfa.